Max Havelaar ko Kundin Anne Frank: Da Wanne Za a Fara?

Masu sha'awar adabin harshen Holanci suna yawan tambayata wanne za su fara karantawa.

Kundin Anne Frank, wanda ya fito a 1947, bai da wuyar karatu: yarinya ce Bayahudiya da ta ɓuya wa 'yan Nazi a birnin Amsterdam lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tana rubuta tsoronta da burinta. Max Havelaar, ƙagaggen labari na marubuci Multatuli kuwa, na 1860, sai da haƙuri, domin masu ba da labarin suna sauyawa. Amma ya tona yadda mulkin mallakar Holan ya tatse manoman tsibirin Java na Indonesiya, har ana ƙwace musu shanun noma, abin da ya taɓa ni ƙwarai. Kyauta ake samunsa a intanet, kundin kuwa galibi sai an saya.

Sabon mai karatu ya fara da kundin. Mai nazarin mulkin mallaka kuma, Multatuli ne nasa.