Kur ɗin dare na lissafin jirgin ƙasa ga masu shirin kwankur a Yamai

Kur ɗin da ake yi bayan isha'i a wata lekol ta Bukoki, don masu shirin kwankur na shiga aikin gwamnati, ya cancanci kuɗinsa. Mushen ya san inda ɗalibanmu ke faɗuwa a lissafin jirgin ƙasa. Yawancinsu ba su taɓa ganin jirgi yana tafiya ba, tunda layin dogon Yamai zuwa Doso da aka fara a 2014 bai zama hanyar fasinja ba. Sai su manta jirgi yana da tsawo.

Kan wannan yake daɗewa. Yakan zana jirgi mai mita 150 a allo, gudunsa kilomita 72 a awa. Kafin komai a raba 72 da 3,6, a samu mita 20 a sakan. Wuce sandar lantarki sakan 7,5 ne. Gada mai mita 250 kuwa, yakan ɗora alli a kan taragon ƙarshe, ya ce sai wannan ya sauka daga gadar, sannan jirgi ya wuce: tsawon jirgi da na gada, mita 400, sakan 20. Duk wanda ya rubuta 12,5 tsawon gadar kaɗai ya lissafa, kuma mushen kan sa shi ya sake zanen da hannunsa.

Lissafin jirage biyu ma yana bi da su a tsanake. Na biyun mita 200, kilomita 54 a awa. In sun fuskanci juna a haɗa gudu, 126, wato mita 35 a sakan, sai su wuce juna cikin sakan 10. In hanya ɗaya suka nufa a ɗebe, ya rage mita 5 a sakan, sakan 70. Tsawon kuwa ko yaushe haɗawa ake yi, 350.

Matsakaicin gudu ne bai samu haƙƙinsa ba. Zuwa da 60, dawowa da 40, amsar 48 ce, amma da yawa suna fita da 50 a ka don an yi saurin wucewa. Haka awa 1 da minti 30, wasu na rubuta 1,30 maimakon 1,5 ba a tsawata musu ba. Mai shiga kur ɗin ya nemi mushen ya ware wa waɗannan biyu dare guda, ya kuma riƙe kayensa da biro, don ba a yarda da kalkuleta a ajin.