Ƙamus, littafin labari ko manhaja: wanne ya cancanci kuɗin mai neman ƙara kalmomin Ingilishi?

Ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci a Garwa, Marwa ko Ngaundare a arewacin Kamaru, ya wuce jarrabawar BEPC ta ƙarshen ƙaramar sakandare, yakan kai wani matsayi a Ingilishi inda yake gane takardar hukuma idan ya karanta, amma da zarar ɗan kasuwa daga Yola ko ma'aikaci daga Bamenda ya buɗe baki sai ya rasa inda aka dosa. Dalili kuwa shi ne manyan kalmomin boko na Ingilishi da yawa sun yi kama da na Faransanci, don haka ya same su a banza. Abin da ya rage masa su ne ƙananan kalmomin yau da kullum da yadda ake haɗa su, kamar "put off" da "run out of". Duk abin da zai saya, da wannan ma'aunin ya kamata ya auna shi.

Ƙamus shi ne farko. Ƙaramin ƙamus na Faransanci da Ingilishi da ake sayarwa a kasuwa yana da araha, sai dai kalma ɗaya yake ba ka a madadin ɗaya, ba ya nuna yadda take zama a cikin jimla. Wanda ya wuce matakin farko ya fi bukatar ƙamus mai bayani da Ingilishi zalla wanda aka rubuta domin masu koyo. Na Longman yana bayyana kowace ma'ana da kalmomi kusan 2,000 masu sauƙi, na Oxford kuma yana sa alama a kan kalmomi 3,000 da suka fi muhimmanci. Kowanne ka samu ya wadatar, ko da tsohon bugu ne na hannu, domin kalmomin da kake nema ba su canza ba. Ka dai buɗe shi a gaban mai sayarwa, ka duba ko shafukan sun cika, saboda kwafin jabu yakan zo da rubutu dishi-dishi da shafukan da aka tsallake.

Littafin atisaye irin English Vocabulary in Use na Cambridge, mai darussa 100 a matakin tsakiya, yana da kyau ga mai iya zama shi kaɗai da biro. Ka tabbatar ka ɗauki wanda yake da amsoshi a baya. Ƙananan ƙasidun nan masu jerin kalmomi da fassararsu kuwa, a ganina asarar sefa ce.

Abin da nake ganin ya fi yin amfani shi ne littattafan labari da aka sauƙaƙa mataki-mataki. A jerin Oxford Bookworms, mataki na 1 yana da kalmomi 400, na 6 yana da 2,500, kuma mai matsakaicin sani yakan fara daga na 3 ko na 4. Gwajin mai sauƙi ne: ka karanta shafi ɗaya a tsaye, idan kalmomin da ba ka sani ba sun wuce biyar, ka sauko mataki ɗaya ba tare da jin kunya ba. Amfaninsu shi ne kalma tana dawo maka sau da yawa a jimloli daban-daban har ta zauna. Matsalarsu ita ce ba kowane kantin littattafai na arewa ke ajiye su ba, kuma littafi ɗaya ba ya daɗewa a hannu, shi ya sa ya fi kyau abokai huɗu ko biyar su sayi daban-daban su riƙa musaya.

Game da waya, kada a yi gaggawar biyan kuɗin wata-wata. Duolingo tana koyar da Ingilishi ta hanyar Faransanci, tana da daɗi ga mai farawa, amma wanda ya kai tsakiya zai ga tana jan ƙafa, ga kuma cin data. Anki kyauta ce a Android, tana aiki ko babu intanet, tana dawo maka da kalma daidai lokacin da ka kusa mantawa da ita. Ta fi amfani idan kai ka zuba jimlolin da kanka, daga abin da ka karanta. Shirin 6 Minute English na BBC shi ma kyauta ne, ana iya sauke shi da dare lokacin da MTN ko Orange suka fi sauri, a saurara a kan hanya.

Mai kuɗin abu ɗaya kacal ya sayi ƙamus na masu koyo, ya ari littattafan labari. Wanda jarrabawa ke gabansa nan da wata uku, shi ne littafin atisaye zai fi yi wa rana.