Julmust na ƙaramar masana'anta: yadda na same shi

A Suwidin, da Disamba ta kama, ƙarfe uku na yamma duhu ya fara rufe gari, kantuna kuma su cika da wani baƙin lemo da ake kira julmust. Shekara uku ina sayen na manyan kamfanoni, ban taɓa jin ya burge ni ba, zaƙi ne kawai da gas. Bana kuwa a kasuwar Kirsimeti ta Uppsala na tarar da wata dattijuwa ta jera kwalabe na wata ƙaramar masana'anta, ta ce da hannu suke dafa nasu. Na sayi uku, kowace kusan ninki uku na kuɗin na kanti.

Kafin in biya sai da na juya kwalbar na karanta takardar jikinta, kuma ina roƙon duk ɗan uwa Musulmi da ke nan ya riƙa yin haka. Irin waɗannan masana'antu su ne dai masu yin julöl, wato giyar Kirsimeti, kwalaben kuma sun yi kama ƙwarai. A ƙasar nan ko kantin cefane an yarda ya sayar da giyar da ba ta wuce kashi 3.5 cikin ɗari ba, wadda ta fi haka galibi sai a shagunan gwamnati na Systembolaget. Julmust shi ba giya ba ne. Tun 1910 da Harry Roberts da mahaifinsa Robert suka fito da shi a garin Örebro, manufarsu a samu abin sha na biki da babu barasa a ciki. Har yau kamfaninsu ne ke sayar wa yawancin masu yin lemon ruwan haɗin, sirrin kayan ƙanshin kuma yana hannunsu.

Na sa kwalbar a firji ta kwana. Da na tsiyaya a kofin gilashi, sai kumfa mai ruwan ƙasa ta taso kamar yatsa biyu, ta daɗe ba ta kwanta ba. Ƙanshin da ya fara bugun hancina na tsiron sha'ir ne da aka gasa, ya tuna mini da Maltina, amma bai kai ta kauri ba. Kurɓar farko zaƙi-zaƙi, kamar sukarin da ya soma ƙonewa a tukunya. Sai da na haɗiye ɗacin ya biyo baya, na furen nan da ake kira hops, ya zauna a maƙogwaro na ɗan lokaci. Wannan ɗacin shi ne abin da na kanti ya rasa, shi ne kuma ya sa na ƙara kurɓa ba tare da ya gundure ni ba. Da na haɗa shi da pepparkakor, biskit ɗinsu mai citta da kirfa, sai abin ya zauna daidai.

Uwargida ta kurɓa sau ɗaya ta ture kofin. "Malam, wannan ai maganin tari ka sayo mana." Yara ma na kanti suka nema. Ban ga laifinsu ba, wanda bakinsa ya saba da zaƙi zalla ba zai so shi tashin farko ba.

Inda na ga gazawarsa shi ne gas. Kwalba ta biyu na bar rabi zuwa dare, ko da na dawo ya sace, ya koma kamar shayin da ya huce. Idan an buɗe, a shanye a zama ɗaya, da sanyinsa.

Zan sake saye baɗi in Allah ya kai mu, kwalba biyu ko uku, ba katan ba, don kuɗin ba na shan kullum ba ne. Ta ukun tana nan a firji. Na ajiye ta sai lokacin Ista, sa'ad da lemon ke dawowa kantuna da sunan påskmust, in zuba su kofi biyu in gwada.