Wasiƙa daga Hamburg kan rumbun kwamfutar da ya faɗi

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya da duk mutanen gida.

Na ji saƙonka cewa rumbun ajiyar da hotunan Baba suke ciki, Allah ya jiƙansa, ya faɗo daga kan tebur, yanzu in an jona shi sai ya riƙa ƙas-ƙas. Don girman Allah kada a sake jona shi, ko sau ɗaya. A cikinsa faifai ne da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti guda, da wata 'yar allura mai karantawa da ke shawagi a samansa ba ta taɓa shi. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi kaurin silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. In allurar ta lanƙwashe, duk jonawa kankare faifan take yi, kuma abin da aka kankare ya tafi ke nan.

Bara nawa ya faɗi da aikin karatuna a ciki. Mai shagon unguwarmu ko sukurun bai kwance ba, ya ce wannan ba aikinsa ba ne, ya tura ni wurin masu ceto bayanai. Su a wani ɗaki suke buɗe rumbu, inda na'ura ke tace iska dare da rana, ma'aikaci sanye da safar hannu da takunkumi. Sun fara dubawa, suka rubuto mini farashi da jerin abin da za su iya cirowa, sai da na amince suka ci gaba. Suka nemo rumbu irinsa sak, suka ɗauki allurarsa suka sa wa nawa, sannan suka kwafe faifan gaba ɗaya da wata na'ura da ake kira PC-3000. A kan kwafin suka yi sauran aikin. Kuɗin ya fi hayar ɗakina ta wata, na biya ina jin zafi, amma na karɓi aikina.

Ba raina masu gyaranmu nake yi ba. Wallahi a nan na san darajar yaran Farm Centre, kasuwar wayoyin nan ta Kano. Abin da za su gyara maka kana tsaye, a nan ladan hannu kawai ya isa mutum ya haƙura ya sayi sabo. In da allon wutar rumbun ne ya ƙone, kamar yadda ake samu in wuta ta dawo da ƙarfi, da na ce a kai musu, muddin mai gyaran ya san dole ya ɗauke ƙaramin guntun da ke riƙe da saitin rumbun ya mayar kan sabon allo. Amma buɗe cikinsa a rumfar kasuwa, ga ƙurar hunturu, ƙwaya ɗaya ta isa ta shiga tsakanin allura da faifai. Masu cewa a sa shi a firiza ma kada a saurare su, raɓa ce za ta kwanta a ciki.

A naɗe shi da soso mai laushi, a sa a ƙaramin kwali yadda ba zai motsa ba. Akwai abokina da zai taho daga Kano bayan Sallah, zan turo shi gida ya karɓa. Kuɗin aikin a wuyana yake, kada a gaya wa Hajiya tukuna.