Da siram ko babu siram: wanne ya fi wajen rainon sel ɗin kansar ƙwaƙwalwa?

Ƙanwata da kika tambaya wai in an samo yankin ƙari daga tiyata a wane ruwa za ki raine shi, tunda so kike ki ga yadda sel ɗin suke rikiɗa, wato yadda suke barin halin sel na tushe su zama sel masu takamaiman aiki, to ga yadda abin yake.

Tsohuwar hanya ita ce DMEM, wani ruwan abincin sel, da siram kashi 10, ruwan jinin tayin saniya kenan. Sel suna mannewa a gindin falas, wato kwalbar rainon, su baje, ba su da tsirfa, inkubeta dai ta tsaya a digiri 37 da CO2 kashi 5 shikenan. Da siram aka raini U87, wani sanannen layin sel na kansar ƙwaƙwalwa, tun 1966 a Uppsala ta Suwidin. Matsalar ita ce siram ɗin da kansa yana tura su su rikiɗe tun ba ki shirya ba, in aka jima kuma sai su daina kama da ƙarin da aka ciro su. Ita U87 ɗin ma a 2016 aka gano wadda ake rabawa duniya ba ta dace da ta asalin ba, kin ji fa.

Ɗaya hanyar babu siram sam, ruwan abincin sel na Neurobasal ne da ƙarin sinadaran B27, sai a ƙara EGF da FGF2, sunadaran da ke sa sel su dinga rabuwa. Nan ba sa mannewa, curewa suke suna yawo a ruwan kamar ƙananan curin fura, in curin ya yi girma na tsakiya su fara mutuwa don abinci da iska ba sa isa can, dole ki dinga wargaza su. Akwai tsada akwai wahala gaskiya. Amma aikin su Howard Fine, masu binciken kansar ƙwaƙwalwa, na 2006 ya nuna waɗannan ne suka fi riƙe halin ƙarin asali, in an dasa su a ƙwaƙwalwar ɓera ma suna kutsawa cikinta kamar yadda glioblastoma, muguwar kansar ƙwaƙwalwa, ke yi a mutum.

Ni dai da ni ce ke da ta biyun zan fara. In suka kafu sai ki shimfiɗa su kan laminin, sunadarin da ke sa su manne, ki janye EGF da FGF2, ki sa ɗan siram ko BMP4 mai tura su su rikiɗe, ki duba ko GFAP, alamar rikiɗa, ya hau, nestin da SOX2 kuma, alamomin sel na tushe, sun sauka. Kar ki yi saurin murna don kin ga GFAP, ki mayar musu da EGF da FGF2 tukun, da yawansu komawa suke su ci gaba da rabuwa kamar ba a yi komai ba.