Maganadisu ko filafa: wanne ya fi kawo tattabarun daji bakin bindiga?

Salamu alaikum. Malam, na ga tambayarka. Ka ce takardar mallakar bindiga ta fito daga hannun 'yan sanda, wani manomi a Linkonsha, nan Ingila, ya yarje maka ka riƙa rage masa tattabarun daji, kana da tattabarun roba dozin ɗaya, amma tsuntsayen sai su wuce ta samanka ko kallo ba sa yi. Kuɗin hannunka na abu ɗaya ne: injin juyi, wanda maharban nan ke kira maganadisu, ko mai kaɗa fiffike, wato filafa? Ni filafa zan ce, ka haɗa shi da sandar lilo guda biyu. Amma bari in ajiye maka su kusa da juna, don akwai gonar da wannan shawara ba ta karɓa.

Maganadisu inji ne mai ƙafafu da ake sokawa a ƙasa, da dogayen hannuwa biyu. A ƙarshen kowane hannu ana ɗaura matacciyar tattabara fukafukai a buɗe, batir mai bolt 12 ya yi ta juya su ba hutu. A shekarun 1990 ya bazu a Birtaniya, kuma da yawa daga na farkon da injin waifar mota aka haɗa su. Filafa tattabara ɗaya yake ɗauka. Ana zura ta a kan ƙarfe, a maƙale fukafukan a 'yan hannuwa biyu, sai ta yi fakar-fakar na 'yan daƙiƙu, ta yi tsit, can ta sake, tamkar wadda ta dira yanzu tana gyara tsayuwa. Taima, wato na'urar da ke kunna shi tana kashewa, ce ke ba shi wannan hutun, kada ka saye shi ba ita. Sandar lilo kuwa ba ta da batir sam. Doguwar sanda ce mai laushi da ake kafawa a karkace, tsuntsu a kanta yana fuskantar iska, iskar ce ke lilo da shi kamar mai shirin sauka.

Duka ukun abu ɗaya suke nunawa, wato farin layin da ke tsakiyar fiffiken tattabarar daji. In ka buɗe fiffiken guda a hannunka za ka gan shi, fari tas ya ratsa ruwan toka. Tana zaune tana kiwo ba a cika ganinsa, sai ta buɗe. Wadda ke tafe a sama tana hango walƙiyarsa daga nesa ƙwarai, ta fahimci 'yan'uwa suna sauka a can, akwai abinci ke nan. To amma wannan farin dai shi ne kuma ke walƙawa lokacin da garke ya firgita ya tashi gaba ɗaya. A 1984 wasu masu bincike biyu a Ingila, Inglis da Isaacson, sun wallafa gwajin da suka yi da tattabarun bogi a tsayuwa iri-iri, suka ga cewa masu buɗaɗɗen fiffike suna hana na gaske sauka. Su abin korar tsuntsu daga gona suke nema, mu abin kira, kuma alamar ɗaya ce. Daga nesa tana cewa zo, a kusa tana iya cewa gudu.

A nan ne injinan biyu suka raba hanya. Wajen kira daga nesa babu mai kama ƙafar maganadisu. Tsuntsu biyu, walƙiya ba yankewa, a sama da shuka. Tattabarar da ke bin hanyarta a can bakin wata gonar za ka ga ta karya ta nufo ka, abin da filafa ba kasafai yake yi ba, don walƙiyarsa ƙarama ce, a ƙasa take, kuma rabin lokaci a kashe. Sai dai me ke faruwa in ta iso yadi arba'in ko hamsin? Sau da yawa a nan take lura cewa waɗannan biyun ba su da niyyar sauka, sai ta kife gefe guda ta bi iska. Maharbinmu na gida mai ɗaura kan burtu a goshi ya san cewa kan kaɗai ba ya ruɗar barewa sai ya iya sunkuyo da saran ƙasa irin na burtu, kuma babu tattabarar da ke wuni tana zagaya wuri ɗaya da sauri ɗaya. Filafa ya fi kusa da gaskiya. Wadda ya jawo takan naɗe fiffike, ta sauke ƙafafu, ta shigo tsakiyar robobin a hankali.

Dalilin da ya sa na zaɓa maka shi ke nan. Wanda hannunsa ya faɗa yana iya sauke tsuntsun da ya kauce wa maganadisu a yadi arba'in yana gudu da iska a bayansa. Sabon hannu ba zai iya ba, kuma gara ma kuskure a kan a ji wa tsuntsu rauni ya je ya mutu cikin shinge. Kai abin da kake bukata shi ne tsuntsu a yadi ashirin zuwa ashirin da biyar, ya rage gudu, ƙirji a buɗe. Da bindiga mai lamba 12 da harsashi mai giram 30 ko 32 na ƙwaya lamba 6, wannan tazarar ba kasafai take barin rauni ba.

Yanzu gonar. In alkama ce ko sha'ir da aka girbe a watan Agusta da Satumba, ko gonar da aka yi wa shuka a Maris da Afrilu iri ya zube a sama, ƙasa a fili take, robobinka suna ganuwa. Motsi kaɗan ya ishe su, filafa ya wadatar. In kuwa sha'ir ne da iska da ruwa suka kwantar a watan Yuli, ko koren wake da ya yi tsayi, to robobin sun nutse cikin shuka, filafa ma ya nutse. A irin wannan wuri maganadisu ya ci gasar ba gardama, don kana iya ɗaga hannuwansa sama da kan shukar. In mafi yawan filin da manomin ya ba ka irin wannan ne, ka manta da abin da na faɗa a sama ka saye shi.

Hunturu a gonar rep, wannan shukar mai furen rawaya da ake matse mai daga 'ya'yanta, wani babi ne daban, kuma ita ce ta fi sa manoma kiran maharba. A lokacin tattabarun suna haɗuwa ɗaruruwa, su sauka tare su tashi tare. Harbi ɗaya, garken ya koma wata gonar, ka zauna cikin sanyi kana kallon injinka yana juyi shi kaɗai. Ga shi tsuntsayen sun sha ganin maganadisu tun daga rani, kusan kowane maharbi a yankin yana da nasa. Na ƙarshen rani sun fi sauƙin kai, don da yawansu 'ya'yan bana ne, za ka gane su da rashin farin tabo a wuya, ba su san komai ba tukuna. A rep na hunturu na fi yarda da sandar lilo biyu da filafa mai dogon hutu, ko da yake ranar da garke ya ƙi, ya ƙi.

Iska ma tana da ta cewa. Ranar da ko ganye ba ya motsi sandar lilo ta zama sanda kawai, injin batir ne zai cece ka. Ranar iska mai ƙarfi kuma ita ce sarauniya, muddin ba ta kai tana dukan ƙasa da tsuntsun ba.

Sai ɗauka. Ba wanda ke tuna wannan a kanti. Da damina manomi ba zai bar ka shiga gona da mota ba, za ka taka da ƙafa cikin laka ɗauke da raga, sanduna, kujera, harsasai da bindiga, kuma a dawowa ga tsuntsaye, kowacce kusan rabin kilo. Maganadisu da babban batirinsa kaya ne na gaske. Filafa da ƙaramin batir suna shiga jaka ɗaya da robobin. Batirin litiyam ya rage nauyin sosai, amma ya ƙara farashi.

Dukansu sun fi aiki da tsuntsu na gaske, don gashin gaske ba ya ƙyalli a rana kamar roba. Ka riƙa ajiye uku ko huɗu a firiza, ka fito da su tun dare su saki. Na filafa sai ka karya ƙashin fiffiken daf da kafaɗa, in ba haka ba injin zai yi ta gurnani yana shan batir. Waɗannan ba na tukunya ba ne, musamman da rani da ƙudaje ke samunsu nan da nan. Waɗanda za a ci kuwa, bisimilla kafin ka ja kunama, wuƙa a aljihu saboda wadda ka tarar da sauran rai.

Wurin kafawa ya kan yi tasiri fiye da irin injin. Tattabara iska take fuskanta in za ta sauka. Ka shirya robobin kamar harafin U, bakinsa yana kallon inda iskar ke tafiya, tsakiyar a buɗe daidai gaban maɓoyarka. Maganadisu ya tsaya can sama da kan U ɗin, ɓangaren da iska ke fitowa, ɗan gefe, yadda tsuntsu zai ratsa gabanka kafin ya kai inda zai tsargu. Filafa ya shiga cikin robobin ta gaba. Sandunan lilo su tsaya a wutsiyoyin U ɗin kamar masu nuna ƙofa. Kuma duk wannan ba ya aiki in ka zauna inda ba hanyarsu ba. Manjo Archie Coats na Hamsha a kudancin Ingila, wanda maharban nan ke ɗauka uban wannan sana'a, ya sauke 550 a rana ɗaya a 1962, shekaru kusan talatin kafin maganadisu, da matattun tsuntsaye da sanin hanyar da suke bi. Ka je gonar da rana ba bindiga, ka zauna a mota da tabarau mai hangen nesa, ka ga ta wace bishiya suke shigowa da ƙarfe nawa.

Doka kuma, tunda sabo ne kai. Dokar namun daji ta Birtaniya ta 1981 ta kare duk tsuntsayen daji. Tattabarar daji ana harbinta ne a Ingila ƙarƙashin lasisin bai-ɗaya mai lamba GL42, don hana ɓarna mai tsanani ga amfanin gona. Ba a cike takarda, amma dole ka karanta sharuɗɗansa ka bi, har da na gwada hanyoyin kora ba kisa ba inda zai yiwu. A Afrilun 2019 an soke irin waɗannan lasisin kwatsam bayan ƙarar da ƙungiyar kare namun daji ta Wild Justice ta shigar, maharba suka tsaya cak sai da aka fito da sababbi, don haka ka riƙa duba shafin gwamnati ko na ƙungiyar maharba ta BASC. Sikotland da Wales kowa da nasa. Haramun ne a dokar ka ɗaure tsuntsu mai rai a matsayin abin kira, haka ma kunna sautin kukansu. Kuma motsi ba tattabarar daji kaɗai yake jawowa ba. Akwai 'yar'uwarta ƙarama, ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, ba fari a wuya ba fari a fiffike, tana son robobi ƙwarai kuma an hana taɓa ta. Ga tattabarun tsere na mutane masu zobe a ƙafa. In ba ka ga farin layin fiffike ba, kada ka ɗaga bindiga.

Ko wanne ka saya, ka bar tsuntsayen farko su faɗa maka. In uku ko huɗu a jere suka nufo sannan suka kauce a wuri ɗaya, fita ka matsar da injin yadi goma gaba cikin iska. In ba ta sauya ba, cire waya daga batir, ka kwantar da shi cikin shinge, ka jera waɗanda ka riga ka harbo a tsakanin robobin, kowacce da ɗan tsinke ƙarƙashin haɓa don kanta ya ɗaga.