Wane laburaren rijistar aiki ya dace da manhajar yanar gizo ta Python?

Duk manhajar da ke karɓar buƙatun masu amfani ta intanet tana barin sawu a rijistar aiki, wato layukan da saba (kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta) ke rubutawa yayin da take gudana. Idan mutum ɗaya ne ke amfani da ita, jimla kamar "an kasa biyan kuɗi" ta wadatar. Amma idan buƙatu ɗari suna shigowa a cikin daƙiƙa guda, layukansu sukan cakuɗe, har mai neman tushen matsala ya rasa wane layi ne na wa. Maganin wannan shi ne rijista mai tsari, inda kowane layi yake fitowa a matsayin gurabe masu suna da ƙima, galibi a tsarin JSON, wani salon rubuta bayanai da kwamfuta ke iya karantawa, kuma kowanne yana ɗauke da lambar buƙatar da ta haifar da shi. A Python zaɓi uku ne aka fi yi na laburare, wato tarin umarnin da aka riga aka rubuta don a yi amfani da shi cikin manhaja: laburaren logging da ke zuwa tare da harshen, Loguru, da structlog.

Ma'aunin da nake fara dubawa shi ne yadda laburare ke rataya bayanai ga buƙata, kuma ina da dalili. Na taɓa aiki kan wata manhaja da ke ajiye lambar mai amfani a ma'ajiyar zaren aiki (zare shi ne layin umarni guda da kwamfuta ke bi tana aiwatarwa), dabarar da ke tafiya daidai muddin kowace buƙata tana da zarenta. Da aka mayar da manhajar kan asyncio, inda buƙatu da yawa ke karɓa-karɓa a kan zare guda, sai lambar wani ta riƙa bayyana a layukan wani. Kwana biyu muka yi muna bincike kan asusun da ba shi da laifin komai. Tun daga nan, duk laburaren da bai dogara da contextvars ba, wato sashen da ke ware wa kowace buƙata bayananta, wanda ya zo tare da Python 3.7 a shekarar 2018, ba na ba shi lokacina.

A nan ne structlog ya yi fice. Da buƙata ta shigo, sai a kira clear_contextvars don share ragowar wadda ta gabata, sannan a kira bind_contextvars a ɗaura lambar buƙata, hanyar da aka nema da lambar mai amfani. Daga wannan lokacin kowane layi da aka rubuta, ko a can cikin aikin da ke magana da rumbun bayanai, zai fito da waɗannan gurabe ba tare da an miƙa su hannu da hannu ba. Ginin laburaren ma mai sauƙin fahimta ne: kowane aukuwa ƙamus ne na Python da ke ratsa jerin ƙananan ayyuka, ɗaya ya ƙara lokaci, wani ya ƙara matakin tsanani, na ƙarshe ya mayar da shi rubutu. Saboda haka mai rubuta manhaja zai iya ganin layuka masu launi a kwamfutarsa ta ConsoleRenderer, a saba kuma JSONRenderer ya fitar da JSON, ba tare da an taɓa ko layi ɗaya na ainihin manhajar ba. A cikin wannan jerin ne kuma ake saka aikin da zai goge kalmar sirri, lambar katin banki da kan Authorization, wato gurbin da ke saman buƙata mai ɗauke da shaidar izinin shiga, kafin su kai ga faifai, wuri guda da kowane layi dole ya bi ta cikinsa.

Yana da nasa wahalar, kuma gara a san ta tun farko. Haɗa shi da logging, domin layukan kayan aikin da manhajar ke dogara da su, kamar Django ko Uvicorn, su fito a tsari ɗaya da naka, yana buƙatar ProcessorFormatter da saiti mai ɗan tsawo wanda kan ci wa sabon shiga yini guda. Sannan a FastAPI, wani kayan gina manhajar yanar gizo, aikin da ba na async ba, wato wanda ba ya bin tsarin asyncio, yana gudana ne a wani zare da kwafin bayanan, don haka abin da aka ɗaura a cikinsa ba ya komawa ga matakin da ya kira shi. Duk da haka wahala ce ta sau ɗaya.

Loguru yana da daɗin farawa, kuma contextualize ɗinsa yana aiki daidai, sai dai JSON da yake fitarwa da serialize yana cusa komai a ƙarƙashin record tare da gurabe da yawa da ba ka nema ba. Shi kuwa logging da python-json-logger zai yi aiki, amma ɗaura bayanan buƙata da hannunka za ka gina shi.

Abin da ya fi zaɓen laburare muhimmanci shi ne gane rijistar da ke da sunan tsari kawai. Sau da yawa za ka ga layin JSON mai gurabe uku, lokaci, mataki da saƙo, amma duk bayanin yana dunƙule cikin saƙon, kamar "mai amfani 4821 ya kasa biya bayan milisakan 930". Wannan tsohuwar jimla ce aka sa wa sabuwar riga, domin ba za ka iya tambayar rumbu ya kawo duk buƙatun da suka wuce milisakan 500 ba. Gwajin mai sauƙi ne: saƙon ya zama gajere kuma ba ya canzawa, duk abin da ke canzawa ya samu gurbinsa. Kada kuma a yarda gurbi ɗaya ya zama lamba a wani wuri, rubutu a wani, domin Elasticsearch, rumbun da ake yawan ajiye rijista a ciki, yakan ƙi karɓar layin da ya saɓa wa nau'in da ya riga ya sanya wa gurbin, kuma layin kan ɓace ba tare da an lura ba.

Akwai kuma kunshin jabu. Masu mugun nufi sukan ɗora kunshi a PyPI, ma'ajiyar da ake sauke laburaren Python daga cikinta, da sunan da ya yi kama da sananne, harafi ɗaya kawai ya bambanta, suna jiran wanda zai yi kuskuren bugawa. A watan Maris na 2024 sai da PyPI ta dakatar da rajistar sababbin asusu da sababbin kunsuna na ɗan lokaci saboda irin wannan farmaki. Laburaren rijista kuwa yana ganin kusan duk abin da ke ratsa manhaja, don haka a kwafi sunan daga takardun hukuma na laburaren, a kulle siga, wato a tsayar da fitowar laburaren da za a girka, a yi amfani da --require-hashes na pip, manhajar girka kunshi, domin tabbatar da cewa ba a sauya abin da aka sauke ba. Wanda ya tuna Log4Shell na Disamba 2021, inda rubuta saƙon baƙo a rijistar Log4j, laburaren rijista na harshen Java, ya isa ya ba shi damar gudanar da umarni a saba, ba zai ɗauki wannan sashe da wasa ba.

Kamfanonin ajiyar rijista ma a karanta sharuɗɗansu da kyau, domin da yawansu suna cajin kuɗi ne bisa yawan bayanan da aka tura, kuma JSON ya fi jimla nauyi. Dabarar da injiniyoyin Stripe, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, suka yaɗa tana rage wannan: layi guda mai faɗi a ƙarshen kowace buƙata, ɗauke da sakamako, tsawon lokaci da adadin tambayoyin rumbu. Idan Grafana Loki ne wurin ajiyar, kada a mayar da lambar buƙata lakabi, tunda lakabai kawai yake yi wa fihirisa kuma kowace sabuwar ƙima tana buɗe sabon rafi, wato rukunin layuka na daban, abin da ke ƙara masa nauyi. A bar ta cikin jikin layin. Idan kuma buƙatar tana ratsa saba fiye da ɗaya, a ɗauki lambar daga kan traceparent na ƙa'idar W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ƙa'idar da OpenTelemetry, kayan bin sawun buƙatu, ke amfani da ita, domin layukan dukkan sabobin su haɗu a bincike guda.